Alhaji Raji da Kulolin Dubiya

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe, amma rana ta riga ta yi tsaye kamar azahar. Zafin watan Afrilu ne, irin wanda ko fanka ta juya, iskar bakin murhu take kawo wa mutum. Alhaji Raji yana kwance rigingine a kan siririn gadon wani ƙaramin asibiti a Fagge, an naɗe masa riga har ƙirji, an shafe masa ciki da wani mai mai sanyi, likita kuma yana ta yawo da ɗan ƙarfe a kan tumbin yana kallon allon na'ura.

Tumbin nan ba ɓoyayye ba ne a Kantin Kwari. Shekara ashirin da wani abu Alhaji Raji yana sayar da leshi da atamfa a can, kuma maƙwabtan shagonsa kan ce in ya karyo kwanar layinsu, tumbin ne ke fara yin sallama kafin shi ya iso. Kakansa ne ya zo daga Ogbomosho, shi kam a Fagge aka yanke masa cibiya, Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinsa. Abin da ya kawo shi asibiti ba wani ciwon kirki ba ne. Gajiya ce kullum, da wani nauyi a gefen dama, da kuma bakin matarsa Hajiya Rofiat, wadda ta yi wata guda tana maimaita magana ɗaya har ya gaji ya zo.

Likitan, Dakta Bahauddeen, siririn mutum ne mai magana a hankali. Ya ajiye ƙarfen, ya miƙa masa takardar goge ciki.

"Alhaji, kana shan giya?"

Alhaji Raji ya yunƙura zai tashi zaune don ya amsa wannan tambaya yadda ta dace, tumbin ya mai da shi.

"Likita, sau biyu na je Makka."

"Allah ya karɓa. Aikina ne in tambaya. Lemon kwalba fa?"

"Lemo ai ba laifi ba ne."

"Nawa a rana?"

"Da zafi ko da damina?"

"Yanzu."

"Biyar. In baƙi sun yi yawa a shago, bakwai. Ai ba ka saya wa mutum lemo ka zuba masa ido yana sha shi kaɗai."

Likita ya juyo da allon, ya nuna masa wani abu fari-fari. Ya ce wannan hantarsa ce, kuma kamata ya yi ta fi haka duhu. Hasken nan kitse ne ya taru a cikinta. Gwajin jini ma ya nuna ta fara gajiya. Ƙwayar cutar hanta babu, an duba. Saura abinci da zaƙi da zama wuri ɗaya.

Da jin an ambaci hanta, hankalin Alhaji Raji ya koma baya. Yayansa Waliu, wanda yake bi, hanta ce ta tafi da shi shekara goma sha biyu da suka wuce. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, sauran jiki ya tsotse kamar kara. Shi ya riƙe masa hannu har ƙarshe.

"Likita, gaya mini gaskiya. In ta lalace, tana dawowa?"

"Hanta ba ta da riƙo, Alhaji. In ka sauke mata kaya da wuri, tana gyara kanta. Amma in aka bar ta tana kumbura shekara da shekaru har ta yi tabo ta taurare, wannan tabon ba ya gogewa yadda ake so. A iya abin da na gani, taka ba ta kai can ba. Hanyar dai ta kama."

Aka ɗora shi a sikeli, ya ba da kilo ɗari da huɗu. Likita ya ce a sauke goma cikin wata shida, sannu a hankali, ba da yunwar ganganci ba. A bar lemo. A rage soye-soye da tulin sakwara. A yi tafiyar ƙafa kullum. Kuma kada wani ya ba shi jiƙe-jiƙen kwalba ya sha, don hantar ce za ta biya.

"Babu allura?"

"Babu. Baki da ƙafa, su suka kawo ka, su za su fitar da kai."

Ya fito yana gyara agogonsa, wanda sarƙarsa ta nutse a tsintsiyar hannu har ta yi wa kanta hanya. Shekara takwas da suka wuce abokinsa Celestine, mai gyaran agogo a Sabon Gari, ya ƙara masa gaɓa biyu a sarƙar. Yanzu su ma sun matse.

Hajiya Rofiat ta ɗauki maganar da gaske. A daren farko ma miyar ganye ta yi, da ɗan tuwo wanda Alhaji ya ce ko kyanwa aka ba sai ta kai ƙara. Kuskure ɗaya ta yi. Ta buga wa Yaya Rukayat waya.

Yaya Rukayat ita ce babbarsu duka, ita ta goya Waliu, ita ta goya Raji, kuma har yau da furfurarsa in ta shigo ɗaki sai ya sauko daga kujera. Tana zaune can ƙarshen Sabon Gari. Washegari da hantsi adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida, aka fara sauke katan biyu na lemo, sannan kula mai hawa uku, sannan ita.

"Raji, an ce ba ka da lafiya shi ne sai a bakin matarka zan ji?"

"Yaya, ba ciwon kwanciya ba ne. Kitse ne a hanta."

"Kitse?" Ta dubi Hajiya Rofiat, ta dawo da ido kansa. "To a ina kake so ya zauna? Rago ma in an feɗe aka ga kitse, hamdala ake yi."

"Likita ya ce in rage ci."

"Likitan ya san ka ne? Ni na san ka tun kana cin ƙasa. Buɗe kular nan."

Amala ce, da miyar agushi wadda man ja ke yawo a kanta, da ganda da kayan ciki. Ta zauna ta sa shi gaba har ya ga gindin kwano, ta buɗe masa lemo da hannunta. Marar lafiya dai, a wurin Yaya, mutum ne da ake ciyarwa. Ba ta taɓa jin ciwon da yunwa ke warkarwa ba.

Kafin la'asar labari ya kai teburin Celestine. Teburin yana bakin hanya, a ƙofar shagon abincin matarsa, Madam Philomena, wadda ake kira Mama Ebere. Ita ma a Kano aka haife ta, kuma abotar gidajen nan biyu ta girmi 'ya'yansu. Da yamma sai ga ta da kula, ta rubuta harafin sunanta a murfi da jan farce don kada ta ɓata a biki. Farfesun akuya ne da soyayyen agada.

"Alaji, ka sha romon nan da zafinsa. Mutum ba ya yaƙi da ciwo da ciki a wofi."

Ya sake yin bayanin kitse. Ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, ta ce shi ya sa ta zaɓo masa wurin da ba ƙashi.

Haka abin ya kafu. Maƙwabta sun yi tasu dubiyar ta kwana uku sun huta, amma matan nan biyu ba su san hutu ba. Kullum da la'asar mai adaidaita zai sauke kuloli biyu a ƙofar gida. Da Yaya ta ji labarin ta Mama Ebere, sai ta ƙara hawa ɗaya. Da Mama Ebere ta ji, sai ta sayo babbar kula.

Kowa kuwa ya san dokar kular dubiya. Ba ta komawa da abinci a ciki, wannan zagi ne. Ba a zubarwa, wannan haramun ne. A ba maƙwabta? Ai matar gidan da ke kallon nasu ƙawar Yaya ce, kafin a wanke cokali magana ta isa Sabon Gari. 'Ya'ya kuma duk sun watse, Farida tana gidan miji a Kaduna, namijin yana makaranta.

Hajiya Rofiat ce ta ɗauki nauyin. Alhaji na cin ganyensa a gefe, ita tana yaƙi da kuloli biyu don kare mutuncin gida. Kwana goma sha biyu ta yi a haka. Rana ta sha uku za ta suna, ta ɗauko rigar ankon da aka ɗinka mata watan jiya, ta shiga har wuya ta tsaya. Alhaji ya same ta hannuwa a sama, kai a cikin riga, murya na fitowa ta wuyan leshi.

"Baban Farida, ciwon naka ni yake kamawa. Ja mini rigar nan, sannan ka san inda za ka kai abincin mutane. Ni na gama."

Ranar ya rufe shago da la'asar, ya zo gida ya zuba kulolin a cikin jakar buhu, ya fita ba tare da ya san inda za shi ba. Abin da ya sani kawai, dole wuri ne da ba a san Yaya ba. Ƙafa ta kai shi Kasuwar Singa. A bayan wani sito ya ga 'yan dako sun jingina da buhuna suna hutawa, gumi na bushewa a bayansu. Babbansu wani dattijo ne mai wuyan ƙarfe da ake kira Ɗan Bichi.

"Malam, kun ci abinci?"

Ɗan Bichi ya dube shi daga hula zuwa takalmi. "Alhaji, zaɓe ya zo ne?"

"Ba zaɓe. Dubiya ce ta fi ƙarfina."

Ya ba su labari a taƙaice. Suka buɗe, suka yi bismilla, cikin minti goma kulolin suka koma kamar ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Suka wanke su a famfo. Alhaji ya ɗauka, ya tsaya neman abin hawa zuwa Sabon Gari, amma tirela ta gitta a bakin kasuwa, hanya ta cushe. Ya ce bari ya ɗan taka gaba. Yana ɗan takawa gaba har ya tsinci kansa a gaban teburin Celestine, rigarsa sharkaf, yana numfashi kamar zugazugi. Daga nan ya ja jiki gidan Yaya. Daga can ya dawo Fagge ana kiran magariba. A daren ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana saurayi.

Shi ke nan sai ya zama aiki. Kullum da la'asar: Fagge, Singa, shagon Mama Ebere, gidan Yaya, Fagge. Zuwa da kaya cike, dawowa da godiya a baki. Matan suka yi ta mamakin wannan ladabi, babban mutum da kansa yake dawo da kwano. Sun fi mamakin cin da yake yi.

"Duka ka cinye?" in ji Mama Ebere ranar nan, tana leƙa cikin kula.

"Tas. Kifin nan ya yi daɗi."

Ta ɗan tsaya, sai wani ya kira ta daga ciki ta shige. Celestine bai ɗago daga agogon da yake buɗewa ba, gilashi maƙale a ido ɗaya.

"Akuya ce yau," ya ce a hankali. "Ka riƙa buɗewa kana dubawa."

Ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar, kafin ya bar Singa sai ya tambayi 'yan dako me suka ci kuma yaya ya yi, ya haddace, ya je ya biya. Da haka Yaya ta ji cewa amalarta ta jiya ta ɗan yi ruwa, Mama Ebere kuma ta ji cewa hannunta ya fara nauyi da gishiri. Duka biyun suka ce ciwo ne ya sa bakinsa ya yi kaifi.

A bakin siton akwai sikelin buhu. Duk Juma'a 'yan dako sukan sauke kaya su ɗora Alhaji, Ɗan Bichi ya tura ƙarfen awo yana ƙanƙance ido. Su ba sa ƙirga shi da kilo ɗari da kaza, da buhun shinkafa suke ƙirga shi. Da farko buhu biyu ne da kilo huɗu. Zuwa saukar ruwan fari ya koma buhu biyu da ɗaya. Sallar layya ta mayar masa da biyu, don ranar Yaya da kanta ta zo ta tsare ƙofa. Sannan ya ci gaba da sauka. Ranar da ya faɗo ƙasa da buhu biyu, 'yan dako suka yi masa tafi, wani mai sito ya leƙo yana tambaya ko farashi ne ya karye.

Sai dai abin da Alhaji bai lissafa ba shi ne idon Yaya. Tana ganin mutum yana share kuloli biyu kullum, amma wuyan riga yana yi masa yawa, kumatu suna zubewa. Ta auna ta ga ba daidai ba. Ta kira Mama Ebere a waya suka yi shawara, suka yanke cewa abincin ne bai isa ba. Kuloli suka zama uku, sannan huɗu. Kaya ya ƙara nauyi, Alhaji ya ƙara gumi, ya ƙara ramewa, aka ƙara kula. 'Yan dako, da suka gane yadda injin yake juyawa, in sun gama ci sai su ɗaga hannu.

"Allah ya ƙara wa Alhaji rama."

"Amin," in ji Alhaji, da zuciya ɗaya.

Agogon ma ya fara yawo. Da yana nutse, yanzu in ya sauke hannu sai ya zamo har bayan tafi, fuskar ta juya ƙasa. In zai duba lokaci sai ya karkaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Asiri ya tonu ne wata Juma'a a watan Satumba. Ruwan safe ya hana Mama Ebere zuwa sarin mai da shinkafa, sai da ta aika da kula sannan ta shiga Singa da yamma. Tana neman mai ɗaukar mata kaya ta zagaya bayan sito. Ta ga maza takwas sun yi da'ira a ƙasa. A tsakiyarsu ga kula, ga murfi a kife, ga harafin sunanta da jan farce.

Ɗan Bichi mutum ne mai karamci. Ya matsa mata wuri.

"Madam, bismilla. Na mai jan farce ne wannan. Ta fi tsohuwar iya farfesu, amma tsohuwar ta fi ta sanin gishiri."

Mama Ebere ta ƙura wa murfin ido. Ta ɗaga kai. Can a kan sikelin buhu ga Alhaji Raji tsaye, ya cire takalmi da hula ya riƙe a hannu don kada su ƙara masa nauyi. Suka dubi juna. Sai ya ce mata sannu da zuwa.

Washegari aka yi zama a falonsa. Yaya a kan kujera, Mama Ebere a gefenta, Hajiya Rofiat a bakin ƙofa inda gudu zai yi sauƙi, Alhaji a kan darduma. Mama Ebere ce ta fara, ta lissafa akuyoyin da suka mutu saboda shi, ta ce wata biyar tana rage gishiri a kan maganar wani mutum da ba ta taɓa gani ba, ta kuma maimaita abin da Ɗan Bichi ya faɗa mata kalma-kalma. Alhaji ya ba da haƙuri. Yana jiran tsawar Yaya, amma tsawa ba ta zo ba. Da ta yi magana, muryar ƙasa-ƙasa ce.

"Raji, ba abincin ne ya dame ni ba. Waliu haka ya fara. Wuyan riga ya yi masa yawa. Na dafa, na dafa, ya kasa ci. Kai da na ga kana cinyewa, sai in ce to wannan ba zai tafi ba. Kullum da kwanon nan nake kwana da hankalina. Ashe 'yan dako ne."

Alhaji ya matso ya dafa gefen kujerarta.

"Yaya, ni ma Waliu nake gani, shi ya sa nake tafiyar nan. Saura sati uku in koma asibiti. Ki zo mu je tare, ki tambayi likitan da bakinki. In ya ce ramar ciwo ce, na yi alkawari zan zauna a gabanki in ci har ki ce ya isa."

Ta goge ido da bakin gyale. "Zan zo. Ina da tambayoyi."

Ranar komawa, ɗakin Dakta Bahauddeen bai taɓa cika haka ba. Yaya ta zo, Mama Ebere ta ce ita ma akuyoyinta na da haƙƙin ji, Hajiya Rofiat ta riƙe jakunkuna. Aka ɗora shi a sikeli: casa'in da biyar. Aka kwantar da shi, aka shafa mai, ƙarfe ya yi yawonsa. Alhaji ya ƙura wa silin ido. Likita ya daɗe yana kallon allo, ya ɗauko hoton watan Afrilu ya jera su, ya duba takardar jini.

"Hasken ya ragu sosai. Lambobin jinin da suka hau sun sauko, ɗaya ce ta rage a bakin layi. Ba ta gama washewa ba, Alhaji, amma ta juyo."

Alhaji ya rufe ido. Wannan karon da ya yunƙura, ya tashi zaune da kansa.

Yaya ta gyara zama. "Yaro, ni ce yayarsa. Ka dube shi da kyau. Wannan ramar ba irin ta mutuwa ba ce?"

"A'a, Hajiya. Mai waccan ramar ba ya iya tafiya daga nan zuwa bakin titi, ga ido rawaya, ga ciki da ƙafa a kumbure. Wannan nama ne ya zauna, kitse ya tafi."

"Ɗan'uwansa hanta ce ta kashe shi."

"Allah ya jiƙansa. Ban gan shi ba, ba zan ce ga abin da ya same shi ba. Amma yadda ake ba da labari, tasa ta riga ta taurare kafin a gane. Wannan an gane da wuri."

"To yanzu ya warke, ya koma cin abinci?"

"In ya koma yadda yake da, kitsen ma zai koma. Ya san hanya." Likita ya juya ga Alhaji. "Mutane da yawa ina gaya musu su yi tafiya, sati biyu su bari. Wane motsa jiki kake yi haka?"

Alhaji ya dubi matan, ya dubi ƙasa. "Kwanuka nake mayarwa."

Sai da aka yi masa bayani daga farko. Likita ya cire tabarau ya goge ido, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu kansa ya jawo takarda, ya ce shi dai abin da zai rubuta ɗaya ne: duk abin da ake yi, a ci gaba.

A waje, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, Mama Ebere ta riƙe ƙugu.

"Wato ni yanzu likita ya rubuta mini in riƙa dafa wa 'yan dakon Singa."

"Ba dole ba ne, Mama Ebere," in ji Alhaji. "Ko wofi kika ba ni zan ɗauka."

"Wofi ba ta da nauyi." Ta sauke hannu daga ƙugu. "Sau biyu a sati. Kuma ka gaya wa mai wuyan nan gishirina daidai yake."

Yaya ta riga ta kama ƙarfen adaidaita, ta waiwayo. "Da mai wuyan nan ya ce tsohuwa ta fi sanin gishiri, wa yake nufi da tsohuwa?"

Alhaji ya duƙa yana gyara takalmi.

"Litinin da Alhamis nawa ne," ta ce. "Kai kuma ganyenka zan sa maka a hawan sama. Shi za ka ci a gabana."

Da la'asar ta ranar Alhaji ya biyo hanyarsa ko da babu kula, don ƙafa ta saba. Ya tsaya a teburin Celestine, ya ba shi labarin asibiti, Celestine yana jin sa yana goge wani agogon bango. Aka kira salla a masallacin bayan layi. Alhaji ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur kamar yadda ya saba, ya ɗauki butar da Celestine ke ajiye masa a ƙarƙashin benci tun shekaru, ya tafi.

Celestine ya maƙala gilashi a ido. Ya jawo agogon, ya tura ɗan tsinken ƙarfe, ya zare gaɓa biyun da ya ƙara shekara takwas da suka wuce, ya haɗe sarƙar. Ya jefa gaɓoɓin a gwangwanin tarkace, ya mai da agogon daidai inda yake, ya koma kan na bango.

Alhaji ya dawo yana gyara hula. Ya ɗauki agogo ya ɗaura, ya zauna masa cif a tsintsiyar hannu. Ya duba lokaci ba tare da ya karkaɗa ba.

"Biyar ta wuce. Bari in taka, Yaya na jira."

"Ka bi ta inuwa," in ji Celestine, bai ɗago ba.